Sinkin Baba da Ragunan Altine

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini duk sauran abin da ke cikin kaina, da ranar da surukata ta taka gidana a Wurno. Zuwanta na farko ke nan, kuma har yau shi ne na ƙarshe. Ba faɗa aka yi ba, ba a zagi kowa ba, ko murya ba wanda ya ɗaga. Kan famfo kawai na canza a kicin, daga nan na jawo wa kaina abin da in na tuna har gobe sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake. Ni tela ne, ina da ɗan shago kusa da kasuwa, kuma bokona bai wuce firamare ba. Amma da ana ba da digiri a kan damuwa, da tuni ana kirana Dakta. Ni ne mutumin da zai kulle shago, ya yi nisa, ya dawo ya girgiza kwaɗo. In na yi wa mutum ɗinki ya karɓa bai ce komai ba, ranar ba ni da sukuni: ko wuyan ya matse shi ne yake jin nauyin faɗa? In kuma ya yaba, sai in ce gatse yake yi mini. Guntun yadin da ya rage, ko bai kai tafin hannu ba, sai na ƙulle shi na bi mai shi har gida, don kada gobe kiyama a tsayar da ni a kan ƙyalle. (Akwai wani Alhaji da ya rantse in na sake kai masa irin wannan tsumma zai canza tela.)

Matata Luba 'yar Goronyo ce, ita ce kuma 'yar fari a ɗakinsu. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, magini ne, kowa Baba yake ce masa. Lokacin bikinmu, kafin mata su zo jere, shi da kansa ya zo da kayan aikinsa ya gyara mata kicin. Ya kafa ɗan tanki a bayan ɗakin, ya huda bango ya shigo da bututu, ya gina dakali na siminti ya ɗora sinki a kai, wato abin wanke-wanken nan na ƙarfe, da kan famfonsa. A layinmu a lokacin ba macen da ke wanke-wanke a tsaye, duk a tsugune ake yi a bakin rariya. Har kallo mata suke zuwa. Ni kuwa kwanakin da yake aikin ban yarda mun haɗu ba sai wajen gaisuwa: in durƙusa daga nesa, in ce sannu da aiki, in sulale. Kun dai san surukuta. Don haka ban ga yadda ya yi aikin ba, na dai tarar an gama.

Inna, mahaifiyar Luba, ba ta zo jere ba, ba ta kuma zo bayan biki ba. Irin matan dauri ce masu kunyar ɗan fari. Ko sunan Luba ba ta kamawa, sai dai ta ce "yarinyar ga". Ni ma tun da nake zuwa gaishe ta ba ta taɓa duban fuskata ba. Tana cikin ɗaki, ina durƙushe a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, ta amsa a gajarce, in ajiye goro in tashi. Duk hanyar dawowa sai in yi ta juya amsar tata a raina, ina auna ko ta fi ta wancan karon sanyi.

Luba na da ciki Baba ya rasu. Da cikin ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji, aka mayar masa da sunan marigayi. Ita tana can tana wankan jego, ni kuma aka bar ni a gida daga ni sai tunanina, wanda duk cikin abokan zama babu mai haɗarinsa.

To, kan famfon nan ya daɗe yana ɗiga. Luba ta saba ɗaure shi da guntun roba ta ci gaba da harkarta. Da gidan ya yi shiru sai na fara jin sa, ɗis, ɗis, har cikin salla. Ga shi ruwan tankin 'yan garuwa ke cika mana, ni kuma na taso da jin cewa ɓarnar ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Na kira Mamman mai gyaran famfo. Ya kawo wani sabo daga birni, mai dogon wuya kamar na zalɓe, yana sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki. Ya ɗaura, ya murɗa, ruwa ya zubo, ya rufe, ko ɗigo. Da a nan labarin ya tsaya, da yau ni mutum ne mai mutunci a Goronyo.

Yana tattara kayansa sai ya ja da baya ya ɗan karkata kai ya ce, "Tela, famfon ga hwa ya hi ƙarhin sinkin ga."

Ya faɗa ne kawai kamar yadda mutum zai ce yau ana rana. Na tabbata kafin ya kai zaure ya manta. Ni kuwa ya dasa mini ƙaya. Na tsaya ina kallo da idon tela, sai na ga kamar an yi wa tsohuwar riga sabon surfani. Sinkin ya dushe, duk jikinsa zane-zane, don kullum Luba ta gama aiki sai ta dirje shi da toka. (Ni a zatona kunyar tsufansa take ji, shi ya sa take wahalar da kanta.) A kusurwar hagu ya lotsa, kamar an maka masa dutse. Ga shi can ƙasa, in zan wanke kofin shayi sai na duƙa kamar mai ruku'u. Allah ya gafarta mini, har na ce a raina ashe magini ma yakan kuskure awo.

Daga ranar na shiga canza ko kada in canza. In ina taka keken ɗinki, ƙafar dama ta ce canza, ta hagu ta ce bari. Da safe in yanke shawarar barinsa, tunda ba ya yoyo. Da rana in shiga shan ruwa, in ga famfo na ƙyalli a kan wannan abu kamar rawani a kan yagaggiyar taguwa, sai shawara ta rushe.

Ana cikin haka Luba ta kira ni a waya. Bayan mun gaisa, na tambayi yaro, sai ta ce Inna ta fita takaba, kuma ta ce in an yi arba'in ɗin haihuwa, da ita za a rako Luba da yaro, ita da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba.

Na ce, "Inna? Gidanmu? Lahiya dai?"

Ta ce, "Lahiya lau, Malam. Tac ce tana son ta ga kicin ɗin."

Duk mai hankali da ya ji wannan magana ya san inda ta dosa. Mace ta rasa mijinta, tana son ta ga aikin hannunsa. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne: za a zo duba yadda nake riƙon 'yar mutane. Matar da ba ta taɓa duban fuskata ba za ta tako har Wurno, ta shiga kicin, ta tarar da lotsattsen sinki, ta ce ashe tun da aka kawo yarinya ko cokali bai ƙara mata ba. Na riga na ga yadda za ta koma ta ba da labari, na ga yadda matan Goronyo za su riƙe haɓa.

Sai na shiga shawara. Ban bar kowa ba. Duk wanda ya kawo ɗinki, kafin in auna kafaɗarsa sai na auna ra'ayinsa a kan sinki. Maƙwabcina Altine, mai kiwon ragunan layya, ya ce in canza mana, surukai ido gare su. Wata malamar makaranta 'yar Zuru da nake yi wa ɗinki ta ce in ba ya yoyo in bar shi, ta kuma tambaye ni ko na yi shawara da matar gidan. Na yi dariya na ce ai so nake ta dawo ta gani kwatsam ta yi murna. Ta dube ni ta ce to, Allah ya sa. (Wannan "Allah ya sa" ɗin, sai daga baya na gane nauyinsa.)

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kada in faɗa almubazzaranci. Don haka bayan la'asar na tsaya na jira Liman ya gama lazimi, na matsa kusa na ce, "Allah gafarta Malam, mutum na da abu, bai lalace ba amma ya tsuhwa. In yac canza shi, ya yi ɓarna?"

Liman ya ce in ya ba wanda zai amfana da tsohon, ai ya zama sadaka, ba ɓarna ba.

Ku lura da yadda na ɗora tambayar: mutum na da abu. Ban yi ƙarya da gangan ba. A lissafina, gado da kwanuka da labule su ne kayan Luba, tunda ana iya ɗauka a tafi da su. Abin da aka manne da siminti a jikin bangon gidana kuwa ai gini ne, gini kuma na maigida ne. Ni da nake bin mutane gida da guntun ƙyalle don tsoron haƙƙi, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin da uba ya yi wa 'yarsa a ɗakin aurenta nata ne, ko da da ƙusa aka kafe shi a sama.

Na shiga mota na bi ta Achida na je birni, na zaga kasuwa har ƙafata ta yi ciwo, na zaɓo wani mai baki biyu, fari tas. Mamman ya zo da guduma da wani magini. Ku zo ku ga yadda dakalin nan ya ƙi fasuwa. Suna dukansa gumi na zuba, maginin ya tsaya ya share goshi ya ce wanda ya yi aikin nan bai ha'inci siminti ba. Na ji wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma sai na ɗauka ƙura ce, na je na rufe tukwane da zane.

Da aka zo gina sabon dakali suka tambaye ni tsawon da nake so. Nan fa aka zo fagena. Na zaro tef ɗin awo daga wuya, na tsaya a miƙe, na auna daidai ƙuguna na ce a nan. Ni kuwa dogo ne, tun ina yaro ake ce mini Zangalo. Luba kuma ko kafaɗata ba ta kai ba. Kayanta nawa na ɗinka da hannuna, tsawonta a kaina yake kamar Fatiha, amma ranar ko tuna ta ban yi ba.

Tsohon kuwa na wanke shi na ɗauka da kaina na kai wa Altine, na ce ga sadaka, a kafa wa iyali su huta da tsuguno. Ya karɓa hannu biyu ya yi ta godiya. Bayan 'yan kwanaki ina tsakar gida sai na ji ƙarar ƙarfe daga bayan katanga, ƙwangaram, ƙwangaram. Na leƙa. Altine ya toshe ramin ruwan da guntun silifa da kwalta, ya girke shi a garke, ya cika shi da dusa, raguna sun zuba kai suna gwabza ƙaho a jiki.

Ya hango ni ya ce, "Tela, Allah shi saka da alheri. Tunda ragunan ga sunka samu abin ga sun bar kihe min dusa. Matar tac ce ita ta saba da tsugunonta."

Kun san abin da ya dame ni a lokacin? Ko ladan sadakata ya ragu, tunda dabbobi ke amfana ba mutane ba. Na yini ina wannan lissafi, daga ƙarshe na lallashi kaina da cewa ciyar da dabba ma akwai lada.

Ranar dawowarsu na rufe shago. Na share gida har inda ba a shiga, na sa aka dama fura, na sayo nama aka yi miya a maƙwabta, na goge famfo da sinki har sai da hannuna ya gaji. Na sa babbar riga. Bayan azahar motarsu ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo Hajo ce ta fara shigowa, mace mai murya da barkwanci, tana cewa ina angon ƙarni, ya fito ya biya kuɗin mota. Luba na biye da ita, ta yi fari ta yi kyau. Inna ce a ƙarshe, ta ja mayafi har goshi, jariri a kafaɗarta. Matan layinmu suka biyo su da sallama, tsakar gida ta cika.

Na durƙusa can gefe na yi gaisuwa. Aka shimfiɗa tabarma, amma Inna ba ta zauna ba. Tunda ba za ta yi mini magana kai tsaye ba, ba kuma za ta iya kiran sunan jaririn ba don sunan mijinta ne, sai ta dubi fuskarsa ta ce a hankali, "Maigidana, kai mu mu ga aikin mai sunanka."

Duk abin da na kasa ganewa a makonnin nan ya sauko mini a lokaci ɗaya, kamar an kifa mini tulu a ka.

Gwaggo ta juyo gare ni tana murmushi ta ce tun rasuwar Yaya, Inna ba ta da zance sai na kicin ɗin nan, don shi ne aikin ƙarshe da ya yi da ƙarfinsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Ta ce ya ba su labarinsa har sun haddace, Inna kuwa kunya ta hana ta zuwa gani yana da rai. Ta ce, "Wuce gaba mana, Tela, mi kake jira?"

Na wuce gaba.

Luba ce ta fara shiga. Ta tsaya. Sabon sinki ya zo mata daidai ƙirji. Ta miƙa hannu za ta taɓa famfon, sai da ta yi ɗage. Ba ta juyo ba, bayanta kawai nake gani. Inna na bakin ƙofa, idonta na yawo daga wannan bango zuwa wancan, tana neman abin da aka kwatanta mata.

Gwaggo ta ce, "Tela, ina na Yaya?"

Da ina da sauran wayo da na faɗi ƙasa na nemi gafara. Amma bakina ya riga ya haddace jawabin da na yi ta shiryawa, sai kawai na ji yana cewa, "Ai wanga baki biyu garai, Gwaggo. Nan a wanke, nan a ɗauraye."

"Ban tambaye ka bakinai ba. Ina wanda Yaya yak kahwa?"

"Na yi sadaka da shi."

"Sadaka," in ji ta, tana jan kalmar. "Da kayan ɗiyarmu?"

A daidai nan ne, kamar an aiko su, ragunan Altine suka fara cin abincin rana. Ƙwangaram. Ƙwangaram. Na ga kafaɗar Luba ta motsa. Wanda ya daɗe yana wanke tukunya a cikin abu ya san kukansa. Gwaggo ta dubi fuskarta, ta fita tsakar gida, ta taka turmi ta leƙa katanga. Ta daɗe tana kallo. Da ta sauko, mai barkwancin nan kalma ɗaya ta iya faɗa: "Raguna."

Inna ta juya da jariri ta nufi ƙofar gida. Kowa ya bi ta, ni ne a ƙarshe, babbar rigata na jan ƙasa. Ta yi sallama gidan Altine ta wuce har garke. Altine na tsaye da kwanon dusa a hannu, ya ga taron mata ya rasa abin yi, ya hau janye raguna. Inna ta tsuguna a gaban sinkin. Ta sa gefen mayafinta ta share dusar da ke kusurwar hagu, ta lalubo wurin da ya lotsa, ta ɗora yatsunta a ciki.

Da jaririn ta yi magana, amma duk muna ji. Ta ce ranar da marigayi ya sayo shi a birni ya ƙi sa shi a mota, wai kada a ɗora masa buhu. Ya ɗaure shi a bayan mashin, suka shiga rairayi bayan Achida, mashin ya kayar da shi. Ta ce da ɗingishi ya yi aikin, da ɗingishi ya koma gida, amma ba ƙafar ce ta dame shi ba. Cewa yake yi ƙafa za ta warke da kanta, shi baƙin cikinsa ya ɓata wa yarinya kaya tun ba ta fara amfani da shi ba. (Na tuna ɗingishin. Na gan shi lokacin da nake durƙusawa daga nesa, na ɗauka tsufa ne.)

Sannan ta ce, "Kahin shi taho, sai da yas sa yarinyar ga ta tsaya jikin bango, yay yi zane da gawayi daidai ƙugunta, yaɗ ɗauki awon da igiya yas sa aljihu. Yac ce ɗiyatai gajera ta. Ba ya son ta duƙa, ba ya son ta yi ɗage."

Ni ne fa tela. Ni ne mai tef a wuya. Magini ya auna matata da igiya da gawayi, ni na zo na ce ya kuskure awo.

Ban san lokacin da na durƙusa a cikin garken ba, a kan kashin raguna, da babbar riga. Na buɗe baki zan ba da haƙuri. Sai Inna ta ɗago kai ta dube ni. Tun da na auri 'yarta nake fatan ranar da za ta dubi fuskata, ashe a garken Altine aka rubuta za a yi. Ba fushi a idonta, da ma akwai. Ta ce, "Ba komi, ɗana. Sabon ma na da kyau."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Altine, bawan Allah, da ya fahimci zancen, ya juye dusar a ƙasa, ya ɗebo ruwa ya wanke sinkin da hannunsa, yana ta cewa bai sani ba. Inna ta sa Gwaggo ta tambaye shi ko zai bar mata. Ya ce ai ko ragunan take so ta kwashe. Inna ba ta kwana ba, ko da yake da shirin kwana suka zo. Furar da na sa aka dama ko kallonta ba ta yi ba, ruwa kawai ta kurɓa don kada a ce ta ƙi cin abincin gidan. Kafin la'asar ta yi sanyi an ɗaure sinkin a bayan mota sun kama hanyar Goronyo. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsa yana ƙyalli a rana har suka sha kwana.

Da na je na zayyana wa Liman abin da ya faru, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ai ba ka ce min na matarka na ba. Ka yi tambayar da za ta ba ka amsar da kake so." Ban yi musu ba.

Luba ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ma wani horo ne. Da yamma na ga ta fita bayan gida ta jawo bulo ɗaya daga ragowar aikin, ta ajiye a gaban sinkin, ta hau ta fara wanke kwanukan baƙi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce gobe-goben nan zan kira Mamman a fasa a rage masa tsawo daidai ita, ni da kaina zan auna.

Ta ce, "Malam, bar shi. Guduma ta isa hakanan."

Na ce to mi ya sa ba ta taɓa ba ni labarin lotsawar nan ba, da igiyar, da gawayin.

Ta ci gaba da cuɗa kwano, ta ce, "Ka taɓa tambaya? Kullum kana ganina ina goge shi da toka."



Yaron yanzu yana gudu ko'ina, har ya fara hawa bulon uwarsa yana miƙa hannu wajen famfo. Kullum da safe ina jin ƙarar bulon nan in ta jawo shi a kan siminti, ƙiiir, kuma kullum sai na ji ta har cikin haƙorana. In na je Goronyo gaisuwa ina ganin tsohon sinkin a tsakar gida, an ɗora shi a kan duwatsu a gindin dalbejiya, an dirje shi da toka yana haske. Inna ta koma bayan labulenta, tana amsa mini kamar da, ba ragi ba ƙari. Luba ta sha gayyatarta, sai ta ce ai ta riga ta ga abin da ta je gani.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma tsada na saye shi. Yanzu in aka kawo mini tsohuwar riga a ce in gyara, ba na sa almakashi sai na tambayi wa ya ɗinka ta, kuma wa aka ɗinka wa. In kuma shawara ta taso, ba na zaga gari da ita in tsallake mai abin.

Kwanan baya kan famfon nan mai dogon wuya ya fara ɗiga. Luba ta samo guntun roba ta ɗaure shi. Na shiga shan ruwa na gani, na ji ɗis, ɗis, hannuna har ya kai aljihu wajen waya. Na zaro shi a hankali, na sha ruwana, na fita.